Buhun Irin Mutumin Rijiyar Gawo

Ku samarin Kara-Kara da kuke zama a ƙofar gidana da la'asar, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan, wai tuƙi ba sana'a ba ce, zama ne a kan kujera mota tana tafiya da kanta. Ban tanka masa ba, domin ni tun ina yaro bakina ba ya saurin buɗewa a cikin taro. Abin da na kasa faɗa nakan rubuta shi. To ga shi na rubuta.

Ni ɗan Birni ne. Mahaifina baduku ne, ya sa ni lakwal, makarantar boko, ina zama a bencin baya, ba na magana sai an tambaye ni. Da ya rasu karatu ya tsaya, kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Ari, wani Babarbare mai tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Kano. Baba Ari ya dubi tafin hannuna ya ce da kawu, "Wannan hannun alƙalami ne. Amma bar shi, ƙarfe zai gyara shi."

Na daɗe a wurinsa ban taɓa zama a kujerar tuƙi ba. Aikina na farko manibel ne, ƙarfen da ake zura wa mota ta gaba a juya har inji ya tashi. Akwai yadda ake riƙe shi. Ba a naɗa babban yatsa a kansa, a gefe ake kwantar da shi tare da sauran, domin in inji ya yi gardama ya mayar da ƙarfen baya, yatsan ne zai tafi. A tashar Damagaram ta wancan lokaci da yatsa ake gane wanda bai ji maganar maigidansa ba. Sai kal, guntun icen da ake cusa wa taya in mota ta tsaya a hawa. Kana dirowa da shi tun motar ba ta gama tsayawa ba. Sai tol, dogayen farantan ƙarfe masu huda da ake shimfiɗa wa taya a cikin rairayi. Mota ta taka ta wuce, ka sunkuya ka ɗauke su, ka ruga gaba ka sake shimfiɗawa, ƙarfen kuwa rana ta gasa shi har yana ɗaye fatar hannu. Akwai salkar ruwa rataye a gefe, ta inji ce kafin ta zama ta mutum.

Mai tuƙi a ciki ba ya ganin abin da ke faruwa a saman kaya, inda fasinja suke zama. Da bugu ake magana. In aka bugi rufin gidan gaba sau ɗaya, wani zai sauka, ka tsaya. In aka buga sau biyu, ya sauka, ka tafi.

Baba Ari yana da doka biyu da ba a rubuta su a farmi, takardar izinin tuƙi, ba. Ta farko, duk wanda zai hau motarka ka tambaye shi inda mutanensa suke. Ba inda za shi ba, inda mutanensa suke. Ta biyu, motar da ta ɗauki mutum ita ke sauke shi. Kayan fasinja ba a dire su a ƙasa sai a hannun mai su ko hannun nasa. Na tambaye shi dalili sau ɗaya, ya ce, "Hanya za ta gaya maka."

Ta gaya mini a shekarar da aka ci garin rogo, ana saura ƴan shekaru a ba mu mulkin kai. Lokacin na sami farmi, ina tuƙa kamyon wani Alhaji ɗan kasuwa na unguwar Zango. Abokin aikina Manzo ne, mutumin ƙasar Mirya, ya girme ni nesa. Ya yi soja ya dawo, ya san inji kamar cikin aljihunsa, amma ya ƙi neman farmi, wai shi ba zai zauna a cikin akwati yana kallon duniya ta madubi ba. A saman kaya yake tafiya kullum, komai rana. Ni ina ce masa Yaya Manzo, shi kuwa Lakwal yake kirana har ya bar duniya.

Damina ta gaza a shekarar da ta gabata. Mu da muka saba sauka kudu da gyaɗa, sai muka koma sauka da mutane muna hawowa da buhunan garin rogo. Abin da ba na mantawa a hanyar shi ne shiru. A da in mota ta ratsa ƙauye yara ne ke bin ta da gudu. A wannan shekara sai dai ka ga ƙofofi an toshe da ƙaya, ko ka ga mutane tsaye a bakin hanya ba su ɗaga hannu ba, ba su ce komai ba, suna bin buhunan da ido.

Wata safiya a ƙarshen bazara muna lodi a Magarya, sai ga wani mutum da buhu a ka. Dogo ne, ramamme, ƙafarsa duk faso, da gani ya yi tafiyar ƙasa mai nisa. Manzo ya miƙa hannu zai karɓi buhun, mutumin ya ja da baya.

"Baba, ai ba cinye shi zan yi ba," in ji Manzo. "Ko amarya ce a ciki?"

Mutumin ya yi ɗan murmushi, ya hau da kayansa da kansa. Ya zauna a can kusurwar baya, ya ciro igiyar kaba, ya ɗaure bakin buhun da wuyan hannunsa. Manzo ya yi masa tambayar da muke yi wa kowa.

"Ina mutanenka suke?"

"Rijiyar Gawo," ya ce. "Bayan Hamdara. In ka ga gawo biyu sun haɗa kai, ka iso."

Sunansa ba mu tambaya ba. Ba ya cikin doka.

Rana ta take tsaka muna cikin ƙasar Guna, sama fes babu ko ɗigon gajimare, sai na ji bugu ɗaya. Na tsaya. Manzo ya leƙo ta taga, ba ya dariya.

"Lakwal, fito. Mun yi baƙo."

Mutumin yana zaune yadda ya zauna tun Magarya, kansa jingine da buhun, idonsa a buɗe yana duban gabas. Wadda ke kusa da shi, wata dattijuwa mai fataucin goro, ta ce ita ta zaci barci yake, sai da ƙuda ya sauka a idonsa bai ƙifta ba. Babu ciwo a jikinsa. Yunwa ce, yana jingine da buhun hatsi.

Akwai ƙauye kusa. Muka je muka yi sallama da limaminsu, ya tara mana waɗanda suka rage a garin. Da za a sauko da shi sai igiyar ta hana. Na gwada kwance ƙullin, ya shige cikin fata. Manzo ya sa wuƙa ya yanke ta a tsakiya, rabi ya bi hannun mamaci, rabi ya tsaya a bakin buhu. Aka yi masa wanka, wani fasinja ya ba da rawaninsa aka haɗa likkafani, aka sallace shi. Liman ya tambayi sunansa, muka dubi juna. Ya ce, "Bawan Allah ya isa." Muka rufe shi kafin la'asar.

Da muka dawo gindin mota sai maganar buhu ta tashi. Mai goro ce ta fara.

"Ƴaƴana, ga mutanen garin nan sun haƙa masa kabari da cikinsu a fake. A raba musu hatsin nan sadaka, lada ta ishe shi inda yake."

Magana ce mai kyau, mutane suka gyaɗa kai. Manzo ya ɗan sassauta bakin buhun ya zura hannu, ya ɗebo ya buɗe tafinsa. Gero ne manyan ƙwaya, duk girmansu ɗaya, an cuɗe su da toka.

"Inna, dubi nan," ya ce. "Wa ke zuba wa abincinsa toka? Wannan iri ne. Tokar don ƙwari ce. Mutanensa sun cinye nasu irin, shi ne ya tafi nemowa. Ya mutu bai ɗebi ko tafi ɗaya ya tauna ba, mu ne za mu dafa shi?"

Liman ya matso ya duba, ya mayar da hannunsa baya kamar ya taɓa wuta. "Ku ɗaure," ya ce. "Mu ma manoma ne."

Mun shiga Damagaram da yamma, muka sauke fasinja da garin rogo, buhun kaɗai ya rage a cikin mota. Sai zuwa gaban Alhaji. Wannan ya fi mini juya manibel wuya, don ban taɓa roƙonsa komai ba. Na durƙusa a zaure na faɗi abin da ya faru, ina duban tabarma.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Alhaji. "Ku kai buhun bariki, su aika wa mai garinsu."

"Alhaji, kafin takarda ta fita daga bariki damina ta yi nisa. Kuma a shekarar nan buhun hatsi ba ya wuce hannu uku ya isa a cike."

"To motata ce za ta zama jakin kowa? Akwai mutane a garin nan da ke jiran garin da za ka ɗauko. Su ba bayin Allah ba ne?"

Gaskiyarsa ce. Sai na ce, "Mu muka ɗauke shi, Alhaji. Ba mu sauke shi ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Muna nan sai iska ta kaɗa labulen zauren, da ƙamshin ƙasa a cikinta. Hadari ne ya taso daga gabas ba mu lura ba. Kafin ya sake magana ruwan farko na shekara ya fara dukan rufi. Alhaji ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Manzo daga waje ya ce, "Alhaji, wannan ruwan shuka ne. Laimarsa ba ta jiran kowa."

"Ku tafi da asuba," ya ce, bai juyo ba. "Jibi ina son ganin ƙurarku a hanyar Kano. In kun kafe a rairayi, ku zauna can ku yi noma, kada ku dawo mini."

Mun fita bayan sallar asuba. Abu na farko da na lura da shi, Manzo bai hau sama ba. Ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da ni, shi da ya ce gidan gaba akwati ne.

"Yaya Manzo, yau kuma?"

"Akwai mai wurin," ya ce. "Tuƙa motarka."

Daga Mirya hanya ta zama sawun jakuna, bayan Hamdara sawun ma ya ɓace. Rairayi ne da sabara. A ka'ida wurin nan sai da tol, amma ba mu sauke su ko sau ɗaya ba. Ruwan jiya ya danne rairayin ya yi tauri, wannan sananne ne. Ina faɗa muku ne don kada ku ce na ƙara gishiri. Mun wuce ƙauyuka da aka toshe da ƙaya. Ba mu ga mutum ba, ba mu ga akuya ba, ko angulu babu.

Rana ta kusa tsaka muka hangi gawo biyu sun haɗa kai, bukkoki a bayansu. Na nufi garin. Kafin mu kai, muna gefen wata gona, aka bugi rufin gidan gaba sau ɗaya.

Ƙafata ce ta taka birki, ba ni ba. Abin da aka koya mata ke nan. Na juya, Manzo yana kusa da ni, hannuwansa biyu a kan gwiwa. Rufin ƙarfe yakan yi ƙara in rana ta buge shi bayan ruwa, na sha jin haka. Amma ƙarar ƙarfe daban, tafin hannu daban, kuma na yi shekaru ina sauraron bambancinsu.

"Nan ne," in ji Manzo a hankali. "Kashe inji."

Muka sauko. Gonar tana da faɗi, an share ta, kuma daga bakin hanya har inda ido ya tsaya an sare ta da sungumi. Ramuka ne jere, layi bayan layi, kowanne a buɗe, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Sungumai suna yashe a ƙarshen layi. Ni ɗan birni ne, ban ga abin tsoro ba sai da na dubi fuskar Manzo.

"Lakwal, manomi ba ya buɗe ƙasa sai da iri a hannunsa. Mai sara a gaba, mai zubawa a baya. Rami in ya sha rana ya mutu. Waɗannan sun san yana zuwa."

"Wa ya gaya musu?"

Ya ɗaga kai ya dubi bukkokin. Muka taka zuwa garin. Ƙofofi a buɗe, ba ƙaya. A wani gida akwai tukunya a kan murhu, ganyen tafasa yana dahuwa, wuta tana ci. Taɓarya a cikin turmi. Guga a bakin rijiya, igiyarsa a jiƙe. Manzo ya yi sallama a tsakar gari da muryarsa ta soja, sallamar ta tafi ta dawo ba amsa. Sai na ji a jikina ana kallonmu, ta ko'ina, daga cikin sabara.

"Ƙarar mota suka ji," in ji Manzo. "A nan mota ba ta taɓa kawo alheri ba. Gardi take kawowa, dogaran gwamnati masu karɓar lanho, harajin kai. A shekarar nan me za su bayar? Ba za su fito ba sai mun tafi."

"To mu ajiye buhun a ƙofar mai gari."

"A hannun wa? Ka manta dokar maigidanka? Kuma kafin su yarda su fito su kusance shi, rana ta faɗi, ramukan sun bushe." Ya sunkuya ya taɓa bakin wani rami, ƙasar saman ta fara fari. Ya miƙe ya cire hularsa. "Ka taɓa shuka?"

"Na karanta yadda ake yi."

"Madalla. To yau takarda za ta ga ƙasa."

Ba mu dire buhun ba. Muka buɗe shi a bakin motar, kowa ya cika hularsa. Manzo ya nuna mini: yatsu uku, ɗan tsunkule, ka jefa a rami, ka ja ƙasa da gefen ƙafa, ka danna da diddige, ka wuce. Ba a sunkuyawa, ba a waiwaye. Ya kama layi, na kama na kusa da shi. Nan da nan ya bar ni a baya, yana cewa, "Ba tuwo kake zuba musu ba, Lakwal, rage hannu."

Na kai ƙarshen layi na juyo, sai na ga mu uku ne a gonar. Wata mace ce, tana tsaye a bakin motar, ba ta taɓa buhun ba, guntuwar igiyar da ke bakinsa take kallo. Ta daɗe a haka. Sannan ta kwance ƙaramar ƙwarya daga zanenta, ta ɗiba, ta kama layi. Ba ta dube mu ba. Da na sake juyowa sun zama biyar. Daga baya na daina lissafi. Suna fitowa daga sabara ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi, mata, yara masu manyan ciki, kowa ya ɗiba ya kama layi. Babu wanda ya yi sallama, babu wanda ya yi magana. Ƙarar diddige kawai kake ji a kan danyar ƙasa. Da gonar ta ƙare suka ɗauki sungumai suka shiga ta gaba, masu sara a gaba, masu zubawa a baya, yadda ya kamata.

La'asar ta yi sanyi buhun ya koma fanko. Sai a lokacin wani tsoho, mai garin, ya zo ya ba mu hannu, aka kawo ruwa. Ina neman yadda zan fara faɗin abin da ya kawo mu, matar nan ta farko ta matso, ta durƙusa nesa kaɗan, ta riga ni.

"A ina kuka sa shi?"

Na gaya mata sunan ƙauyen, da cewa an yi masa wanka an sallace shi. Ta gyaɗa kai. Mai gari ya ce matar mamacin ce, shi kuwa sunansa Nomau, ya tafi kudu neman iri tun sanyi bai gama fita ba.

Manzo ya ce, "Baba, wa ya ce ku sara? Wani ya riga mu kawo labari?"

Tsohon ya dubi matar. Ita ta amsa, idonta a ƙasa.

"Malam ne, maigidana. Jiya da rana tsaka ina ɗiban ruwa, na gan shi tsaye a gindin gawo. Ya ce ruwa na tafe, iri na tafe, a sara da safe. Na ce ya shigo ya sha ruwa, bai shigo ba. Na sunkuya na aje guga, na ɗago ban gan shi ba."

"Mun ce zafin rana ne ya taɓa ta," in ji mai gari. "Sama ba ko gajimare. Da ruwan ya sauko da yamma, sai muka wasa sungumai."

"Akwai igiya a wuyan hannunsa," ta ce. "Guntuwa, an yanke ta da wuƙa. Na tambaye shi wa ya ɗaure shi, bai faɗa ba. Kun cire masa kafin ku rufe shi?"

Ba mu gaya wa kowa zancen igiya ba. Na dubi Manzo, Manzo ya dubi wuƙar da ke ƙugunsa.

"An cire, Inna," ya ce. "Wurin wanka. Da idona na gani."

"To alhamdu lillahi," ta ce. Ta tashi ta kwance sauran igiyar daga bakin buhun, irin ƙullin da ya gagare ni jiya a hannunsa ya buɗe mata ba gardama. Ta naɗe buhun ta rungume. Kaya sun shiga hannun mai su.

Na yi tuƙi bayan wannan har gashina ya yi fari. Na ɗauki tutoci zuwa ƙauyuka ranar da aka ba mu mulkin kai, na ga kwalta ta zo, na ga manibel ya zama abin da yara ba su san sunansa ba. Ban taɓa barin mutum ya hau motata ban tambaye shi inda mutanensa suke ba. Ku kuwa masu tuƙin yanzu kuna ɗaukar mutum daga Kara-Kara zuwa kasuwa ba ku ko dubi fuskarsa ba, shi ya sa kuke ganin abin da sauƙi.

Ranar dai da za mu juyo, na juya manibel da kaina, inji ya tashi, na shiga na zauna. Na bar wa Manzo ƙofa a buɗe, sai na ji takunsa yana hawa ta baya. Ya daɗe a sama. Ina jin sa yana zagaya cikin motar, har can kusurwar baya. Sannan ya leƙo ta taga, kansa a juye.

"Babu kowa, Lakwal. Ya sauka."

Ya bugi rufi sau biyu, na sa giya.